FreeDOS 1.4, MS-DOS 6.22 ko DOSBox-X: wacce za ka ɗora wa tsohuwar kwamfutar nan?

Tun da FreeDOS 1.4 ta fito a watan Afrilun 2025 mutum uku ne suka same ni da tambaya kusan iri ɗaya, ɗaya yana da tsohuwar kwamfuta ƙirar Pentium da ke riƙe masa lissafin kayan shago tun zamanin da ni kaina ban san meye kibod ba, ɗaya ɗalibi ne da aka ba shi aikin rubuta manhaja da yaren QBASIC, na ukun kuma sha'awa ce kawai, ya tsinci tsohuwar kwamfuta ƙirar 486 a wajen ƴan gwangwan ya wanke ta yana so ta tashi. Dukkansu abin da suke cewa shi ne: in sa sabuwar nan ta kyauta ne, wato FreeDOS, ko in nemo MS-DOS ɗin da aka saba, ko ma in rabu da tsohon ƙarfen in yi komai a cikin laftof? To amsar ba ɗaya ba ce, shi ya sa na ce bari in zauna in baje su.

Kafin nan, in kana ganin kamar ka san sunan FreeDOS, eh ka san shi. Duk wanda ya taɓa duba kwalin sabuwar laftof mai sauƙin kuɗi ya ga an rubuta FreeDOS a wajen da ya kamata a ce Windows, kamfanoni na sa ta ne don su kauce wa kuɗin lasisi, mu kuma muna zuwa gida mu goge ta ba tare da mun ko kalle ta ba. Wani ɗalibi a Amurka mai suna Jim Hall ne ya fara ta a 1994 lokacin da aka ji Microsoft na shirin yin watsi da DOS, wato tsohon tsarin da ke tafiyar da kwamfuta ta hanyar buga umarni, sai da aka kai 2006 kafin 1.0 ta fito, 1.1 a 2012, 1.2 a 2016, 1.3 a 2022, ga 1.4 yanzu. Tafiyar hawainiya, amma dai ba su tsaya ba.

Abubuwan da nake aunawa da su

Na farko kuma babba: manhajar da kake son gudanarwa za ta yarda? Don ba wanda ke sa DOS don DOS, akwai wani abu da kake so ya yi aiki a kanta. Na biyu kuɗi, kuma ba kuɗin manhajar kaɗai ba, har da data da katin ajiya da fulofi in ma za ka samu. Na uku ɗorewa, wato ya take da girman disk, ya take da ɗauke wuta ba sallama, kuma akwai mai gyara ta in an gano matsala. Na huɗu sauƙi, sakawa da amfani na yau da kullum. Na biyar haɗari, ta wace ƙofa ce bayananka za su iya salwanta.

MS-DOS 6.22

Wannan ita ce ta ƙarshe da Microsoft ta sayar ita kaɗai a kwali, 1994, fulofi uku na 1.44MB. Wajen jituwa babu na biyunta kuma ba wani abin mamaki ba ne, duk wanda ya rubuta manhaja a wancan lokacin a kanta ya gwada. Lotus 1-2-3, WordPerfect 5.1, dBase, FoxPro, duk wani abu da aka rubuta da yaren Clipper, Windows 3.1 da 3.11, wasanni masu taurin kai wajen memori, duk gidansu ne. In manhaja ta dage sai wata tsohuwar siga akwai SETVER da zai yi mata ƙarya ta yarda.

Kayan aikinta ma ba laifi. ScanDisk na duba disk har ya gwada fuskarsa ya killace wuraren da suka lalace, DEFRAG ɗinta asalinsa na Norton ne aka karɓo, MemMaker kuma zai sake kunna na'urar sau biyu uku ya jera maka direbobi a saman memori don ka samu sarari a cikin 640K na farkon memori da duk manhajoji ke faɗa a kai. EDIT ɗinta ba ya tashi sai QBASIC.EXE na nan, wanda ya goge QBASIC don neman wuri ya san wannan.

Kuɗi fa? Nan ne maganar ke da ɗan karkata. Microsoft ba ta sayar da ita yanzu, kuma ba ta sake ta kyauta ba. Abin da ta saki a buɗe shi ne 1.25 da 2.0, sai 4.0 a 2024, amma 6.22 tana nan da lasisinta. In na'urarka da ita ta zo to kana da hujja, in kuma saukewa za ka yi daga wani shafi da ba ka san mai shi ba, kai ka san abin da kake yi, kuma ka sani tsofaffin bairos irin masu zama a farkon disk har yau suna yawo cikin irin waɗannan hotunan fulofi.

Inda ta gaza sosai shi ne disk. Tsofaffin tsarin jera fayiloli na FAT12 da FAT16 kawai ta sani, fatishan ɗaya, wato yanki guda na disk, ba ya wuce 2GB, gaba ɗaya disk ɗin ma ba ta ganin abin da ya haura kusan 8GB. Sannan in ka yi fatishan babba mai kusan 2GB, kowane ɗan fayil ko layi ɗaya ne a ciki sai ya cinye 32K, ka ga mai ƙananan fayiloli dubbai asara yake. Sunan fayil harafi takwas da uku, shike nan. Kuma ba mai gyara ta, yadda aka bar ta a 1994 haka take.

Haɗarinta biyu ne da nake so a riƙe. SMARTDRV in an bar shi yana jinkirta rubutu, zai riƙe bayanai a ram na ɗan lokaci kafin ya zuba a disk, a ƙasar da wuta ba ta ɗaukewa wannan ba komai ba ne amma mu nan ka sani, don haka ka buɗe fayil ɗin saiti AUTOEXEC.BAT ka tabbatar akwai /X a gaban SMARTDRV, shi ne ke hana jinkirin. Na biyun DriveSpace mai matse disk, kuma wannan sai na ba da labari.

Dattijon nan mai shagon sifiya da na ce Pentium ke riƙe masa lissafi, had-disk ɗinsa ya fara ƙara irin ta ƙwanƙwasa ƙofa, na zo da fulofin FreeDOS na tayar da na'urar da shi don in kwashe komai kafin ya mutu. Na buga DIR C: sai na ga kusan ba komai. Ba foldar lissafi, ba foldar DOS, fayau. Yana tsaye a bayana da carbi a hannu, ya sunkuyo ya kalli sikirin ya ce "yaro, ina kayan nawa?" Na ce "Baba suna nan in sha Allahu," alhali gumi ya fara bin bayana don ban san inda suke ba. Sai da na buga DIR /A na ga wani ƙaton ɓoyayyen fayil DRVSPACE.000 ya cinye kusan duk disk ɗin, sannan na sauke ajiyar zuciya. Wanda ya saita masa ita shekaru da suka wuce ya matse disk ɗin ne don ya ƙara wuri, komai na cikin wannan fayil guda ɗaya, kuma FreeDOS ba ta iya buɗe shi. Da na yi gaggawar cewa disk ya goge na yi fomat, da lissafin bashin shekara da shekaru ya tafi a hannuna. Na cire fulofin na bar ta ta tashi da MS-DOS ɗinta, komai ya dawo, na kwafe. DriveSpace ɗin nan ma tarihi gare shi, DoubleSpace ne sunansa a 6.0, kamfanin Stac ya kai Microsoft kotu ya yi nasara, aka cire shi a 6.21 aka dawo da shi da sabon suna a 6.22. Koma dai meye, ƙwai ne duka a kwando ɗaya.

FreeDOS 1.4

Abin da ya kamata ka fara sani: zuciyarta, wato kanel, ba a canza ba, ta 1.3 ce aka bari saboda sabuwar ba ta gama nuna ba. Don haka in wata manhaja ta ƙi aiki a 1.3 saboda kanel, kar ka sa rai 1.4 za ta yi maka wani abin al'ajabi. Windows 3.1 na tashi a yanayinta na standad, amma Windows for Workgroups 3.11 da ke buƙatar yanayin 386 ba ta tafiya a kan kanel ɗin da ke cikin kwalin. Sabon abin yana cikin kayan umarni ne, kuma ni a ganina nan ne ma ta fi burgewa.

FDISK aka fi yi wa aiki, an toshe kurakurai da yawa a cikinsa, kuma FDISK ba abin wasa ba ne, shi ne kayan aikin da in ya yi kuskure ɗaya sai dai ka yi salati. Wannan kaɗai ya isa in ce duk mai 1.3 ya hau 1.4. An sabunta FreeCOM wanda shi ne madadin COMMAND.COM mai karɓar umarni a MS-DOS, an gyara XCOPY da MOVE yadda suke bin folda cikin folda, an sabunta HELP, an sa sabon mTCP. An kuma yi shara, Seal da oZone waɗanda wasu fuskoki ne masu hoto da ba su taɓa zama daidai ba an fitar da su, OpenGEM ce ta rage.

FreeCOM ɗin nan in ka saba da shi komawa COMMAND.COM azaba ce. Ka danna kibiyar sama umarnin baya ya dawo ba sai ka loda DOSKEY ba, ka fara rubuta sunan fayil ka danna Tab ya ƙarasa maka. Abu ne ƙarami amma wanda ke buga umarni ɗari a rana ya san daɗinsa. EDIT ɗinta na tsaye da ƙafarsa kuma yana buɗe fayil fiye da ɗaya. Ga CTMOUSE direban maus da bai wuce kusan 3K ba a memori, ga SHSUCDX na karanta CD a madadin MSCDEX shi ma ɗan mitsitsi, ga HIMEMX da JEMM386 na kula da memori, ga DOSLFN in kana son dogayen sunaye. LBACACHE kuma, wato takwaran SMARTDRV, karatu kawai yake ajiyewa, rubutu kai tsaye yake wucewa disk, ka ga an ɗauke wuta ba ya riƙe da komai naka.

Wajen disk ta yi wa 6.22 nisa, ta san FAT32, ta san manyan disk. Sai dai a kula, in BIOS ɗin na'urar, wato ƴar manhajar madabod da ke tayar da ita, tsoho ne irin na kafin wajen 1994 da ba ya ganin sama da 504MB, to FreeDOS ma ta bakinsa take ji, sai ka nemi mafita irin XTIDE Universal BIOS. Ni yanzu ba na ma wahalar neman tsohon had-disk, katin CompactFlash da ɗan adaftan IDE nake sawa, ba ƙara, ba zafi, ƙurar hunturu ba ta dame shi ba, kuma in ina son kwafi sai in zare in soka a laftof. Wani abu da ke ba mutane mamaki: CHKDSK ɗinta ba ya taɓa FAT32, DOSFSCK ake amfani da shi, kuma gaskiya bai kai ScanDisk daɗin mu'amala ba.

mTCP kuwa, na Michael Brutman, shi ne abin da na fi so a duk tarin. In kana da katin netwok mai direban faket, irin NE2000 ko 3Com 3C509 ko Realtek 8139, ka buga DHCP ya karɓo adireshi daga rauta, ka tayar da FTPSRV, sai ga tsohuwar kwamfuta ta bayyana a laftof ɗinka kana jan fayil kana turawa ba fulofi ba komai. Har SNTP gare shi na saita agogo, wanda ke da amfani in batirin madabod ya mutu kullum na'ura na tashi a 1980. Amma kar ka ce za ka yi yawon intanet da shi, ba ya buɗe shafukan HTTPS, kuma yau kusan duka haka suke.

Kuɗi: kyauta, halak malak, ka raba wa wanda ka so. Data kawai za ka kashe, LiveCD da FullUSB ɗaruruwan megabayit ne, BonusCD daban, LiteUSB ƙarama ce, akwai LegacyCD don na'urorin da ke gardama da sabon salon tashi daga CD, akwai kuma ta fulofi wadda ita ce ta masu 8086 da 286. Sakawa ba wuya, tambayoyi kaɗan ne, FDIMPLES kuma na ba ka jeri ka zaɓi abin da za ka ƙara. Abin da ke rikita sabon shiga shi ne sunayen fayilolin saiti, FDCONFIG.SYS da FDAUTO.BAT take fara dubawa, mutum zai yi ta gyara CONFIG.SYS yana mamakin me ya sa ba abin da ya canza. Masu manhajar Clipper su tuna su ɗaga FILES= a can, su kuma mayar da layin SET CLIPPER ɗinsu, in ba haka ba za ta ce ta kasa buɗe fayil ka ɗora wa FreeDOS laifin da ba nata ba.

Haɗarinta shi ne jituwar ba ɗari bisa ɗari ba ce. Yawancin abubuwa na tafiya lafiya, amma akwai manhajar da ke leƙa cikin hanjin MS-DOS ta hanyar da ba a rubuta a littafi ba, irin wannan sai ka gwada kafin ka sani. Tana kuma gabatar da kanta a matsayin DOS 7.10, wasu tsofaffin kayan gyaran disk da ba su san FAT32 ba in ka sake su a kan irin wannan fatishan ɓarna za su yi, tsohon Norton Disk Doctor na zamanin FAT16 ka ajiye shi gefe. Kuma babu QBASIC a ciki don na Microsoft ne, akwai dai Bywater BASIC da FreeBASIC. Sannan tana buƙatar BIOS na gargajiya, sabbin laftof masu UEFI zalla, wato magajin BIOS, ba za ta tashi a kansu kai tsaye ba.

DOSBox-X

Wannan ba DOS ba ce da za ka saka a ƙarfe, kwaikwayo ce, taga ce a cikin Windows ko Linux ko Mac da ke yin kamar tsohuwar kwamfuta. Dalilin da ya sa ake buƙatarta shi ne Windows mai 64-bit ba ta gudanar da manhajar DOS sam, Windows 11 kuma duk 64-bit ce. Asalin DOSBox don wasanni aka yi ta kuma rabonta da sabuwar siga tun 0.74-3 a 2019, DOSBox-X ce reshen da ya kula da sauran manhajoji har da firinta, kuma ana sabunta ta a kai a kai.

Kyauta ce, ba fulofi, ba batirin da zai zubo ya cinye madabod, laftof na da batirinta don haka ɗauke wuta ba ya tsinke maka aiki. Ka tara fayilolinka a folda ɗaya ka buga MOUNT C da sunan foldar, shike nan ta zama C:, kwafi kuma jan foldar ne zuwa filash. Kana iya rage mata gudu ma, wanda ke maganin Runtime error 200 ɗin nan da manhajojin Turbo Pascal ke bugawa in furosesa ta yi musu sauri, matsalar da ba ruwan kowace DOS a ciki.

Inda take cijewa shi ne in akwai ƙarfe a tsakani. Manhajar da ke da ɗan makulli da ake sokawa a bakin firinta, ko katin ISA na musamman da ke tuƙa wata na'ura, ko injin da ke jiran saƙo ta siriyal a daidai lokaci ba jinkiri, nan kwaikwayo na iya ba ka kunya, kuma kebul ɗin USB mai komawa bakin firinta yawanci ba ya ganin makullin. Fayil ɗin saitinta kuma dogo ne kamar ba zai ƙare ba. Masu manhajar ofis zalla ta rubutu su leƙa vDos ma, ita ma kwaikwayo ce, don irin wannan aikin aka yi ta.

| | MS-DOS 6.22 | FreeDOS 1.4 | DOSBox-X |
|---|---|---|---|
| Kuɗi | lasisi, ba a sayarwa yanzu | kyauta | kyauta |
| Jituwa | mafi kyau | mai kyau, sai an gwada | mai kyau in ba ƙarfe |
| Disk | FAT16, 2GB duk fatishan | FAT32, manyan disk | foldar laftof |
| Windows 3.11 | eh | a'a | eh |
| Gyara | an daina tun 1994 | ana yi | ana yi sosai |
| Netwok | sai ka ƙaro | mTCP na ciki | ta cikin saiti |
| Babban haɗari | DriveSpace, SMARTDRV | manhaja mai gardama | makulli da katin ISA |

Akwai hanya ta huɗu da ban sa a tebur ba kuma ita na fi bi: gauraya. Kayan FreeDOS da yawa ba su damu da kan wa suke zaune ba, CTMOUSE da SHSUCDX da mTCP duk suna aiki a kan MS-DOS 6.22 lafiya lau, sai ka bar zuciyar Microsoft don jituwa ka cire mata direbobinta masu cin memori ka sa waɗannan, ka buga MEM ka ga sarari ya haura 600K. In COMMAND.COM ya ishe ka akwai 4DOS, da kuɗi ake saye yanzu kyauta ne. Wasu kuma na ɗaukar DOS 7.1 da ke ƙarƙashin Windows 98 don ta san FAT32, tana aiki, amma maganar lasisi na nan daram.

To wa zai ɗauki wacce?

In na'urar na kawo maka kuɗi, tana riƙe da lissafi ko tana tuƙa inji, kuma MS-DOS ce a kai tana aiki, kar ka canza mata DOS don an yi sabuwa. Ka kwafe disk ɗin gaba ɗaya zuwa katin CompactFlash, ka warware DriveSpace in akwai, ka sa /X, ka ƙara mTCP don kwafi ya yi sauƙi. Abin da na yi wa Baba mai sifiya ke nan, kati biyu, ɗaya a ciki ɗaya a durowa.

In lissafi ne zalla ba makulli ba inji, gwada kwafin a DOSBox-X ko vDos na sati biyu kana yi a duka biyun, ka buga rasit ka gani, in alƙaluma sun yi daidai sai ka yi wa tsohuwar ritaya.

Ɗalibi mai aikin BASIC, ba ka buƙatar tsohuwar kwamfuta ko kaɗan, DOSBox-X a laftof ta ishe ka, ko QB64 da ke tafiya kai tsaye a Windows, in kuma GW-BASIC malaminku ke so akwai PC-BASIC.

Mai 486 ko Pentium da ya tsinto ba komai a ciki, ba lasisi, yana son koyon umarni da haɗa netwok, FreeDOS 1.4 kai tsaye, amma ka fara duba batirin madabod, in irin mai kama da ƴar ganga ne da aka like da dalma ka cire shi yau kafin ya zubo. Mai 8086 ko 286 ya ɗauki ta fulofi, ko ya leƙa SvarDOS da aka yi musamman don irin waɗannan ƙananan. Mai son Windows 3.11 da wasannin farkon shekarun 1990 a kan ƙarfe na gaske da katin Sound Blaster, 6.22 ce taka. Wanda kuma sabunta BIOS kawai zai yi a tsohuwar madabod, ya buɗe Rufus, manhajar haɗa filash mai tayar da kwamfuta, ya zaɓi FreeDOS ya haɗa filash, minti biyu an gama.